Ajiyar tukwanen iskar nutso daga kaka zuwa bazara: littafin aiki, Damagaram

12 ga Oktoba, 2024

Ruwan sama ya ɗauke, tafkunan gari sun fara ja da baya, aikin nutso na bana ya ƙare. Daminar ta yi nauyi, ita ce ta kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, kuma tukwanen iskar nan takwas sun sha shiga ruwa fiye da yadda suka saba: tafki, ramin da aka haƙi ƙasar gini ya cika, bakin tiyon injin ban-ruwa da laka ta toshe. Daga yau ba mai sake goya su sai Yuni ko Yuli. Wata takwas ke nan suna zaune.

Takardun Turawa a kan ajiyar tukwane lokacin sanyi suke magana, don a can sanyi ne ke hana shiga ruwa. A nan hunturu ba ya yi wa ƙarfe komai. Ko a Janairu, sanyin asuba bai cika sauka ƙasa da digiri 13 ko 14 ba. Abin tsoro biyu ne: ruwan da damina ta bari a cikin tukunya, da zafin Afrilu da Mayu da zai same ta a ɗaki. Hunturu kuwa dama ce, don babu lokacin da iska ta kai shi bushewa.

An sa wa kowace lamba da fenti a jiki, an kwafe abin da aka buga a kafaɗarta. Ta 1, ta 2 da ta 3 baƙin ƙarfe ne, lita 12, matsin aiki bar 232, matsin gwaji 348. Ta 4 ma ƙarfe ce mai lita 12, amma 200 take ɗauka, gwajinta 300. Ta 5 tsohuwar ƙirar Faransa ce, lita 15, bar 200, an saye ta a kayan gwanjo. Ta 6, ta 7 da ta 8 alminiyam ne ƙirar Amurka, lita 11.1, bar 207.

Yau waje kawai aka taɓa. An cire takalmin roba da ke gindin na ƙarfe, an cire ragar jiki, an wanke da ruwa da sabulu, an shanya a inuwa. Takalmin nan shi ne maɓoyar tsatsa: laka da ruwa suna maƙalewa tsakaninsa da fenti, ba mai gani. A gindin ta 2 fenti ya kumbura wuri uku, kowane kamar ƙwayar wake. An kankare da burushin waya, ƙarfen bai yi rami ba, an shafa fentin hana tsatsa mai bushewa da kansa. Takalman ba za su koma ba sai ranar aiki.

19 ga Oktoba

Fitar da iska da kwance robine, wato kan tukunyar da ake buɗewa da rufewa.

Iskar ba a sakinta gaba ɗaya. In aka buɗe robine sosai, iskar da ke fita tana sanyaya ƙarfe har ya yi raɓa, wani lokaci bakin ya yi fari, kuma raɓar nan har ciki take kwantawa. Ga ƙara mai kashe kunne. An ɗan murɗa kowace har ta fara huci a hankali, aka ɗaure ta a tsaye, bakin yana kallon bango, aka bar su tun safe har la'asar.

Shirun tukunya ba shaida ba ne cewa ta ƙare. Tsatsa ko datti kan toshe ɗan bututun da ke ƙarƙashin robine ta ciki, huci ya tsaya alhali da sauran matsi. Don haka kafin a sa kile, ana barin robine a buɗe, a hura iska kaɗan ta bakin, a ji ta shiga ta kuma dawo. Sannan a kwantar da tukunyar a maɗauri mai shimfiɗar roba, a sa kile daidai wurin da aka fafe masa a jikin robine, ba a kan abin murɗawa ba. Bugu ɗaya da tafin hannu ya isa ya sake shi. Daga nan ya kamata ya juya da yatsu. In ya ci gaba da tauri bayan ya saki, a tsaya, mai yiwuwa matsi ne ke riƙe da shi.

Bakwai sun fito lafiya. Ta 5 ce ta tayar da hankali. Da aka sassauta robinenta zagaye biyu sai ya fara rawa a cikin wuya, yana karkata hagu da dama kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Aka auna. Robinen haƙoransa M25x2 ne, kauri milimita 25, tazara milimita 2. Wuyan tukunyar kuwa tsohon awo ne na G3/4, kaurinsa ya ɗara milimita 26, tazararsa wajen 1.8. Ƙaramin yana shiga babban, har ya ɗaure kamar gaske, amma bakin haƙora kawai ke riƙe da shi. A bar 200, ƙarfin da ke tura robine waje ya kai kusan tan ɗaya. Irin wannan haɗin ya sha kashe mutane a wurin cika iska, robine ya fita kamar harsashi. Tukwanen Amurka kuma nasu awon daban ne, 3/4 NPSM, shi ma yana karɓar M25x2 da irin wannan yaudarar. Yadda ta 5 ta yi damina biyu a haka, sai dai a ce Allah ya tsare.

Daga yau kowane robine yana cikin leda mai lambar tukunyarsa. Ba a musanya ko da sun yi kama.

20 ga Oktoba

Leƙen ciki. Kayan aiki: ƙaramar fitila a kan waya mai lanƙwasa, ɗan madubin likitan haƙori don ganin ƙarƙashin kafaɗa, da tsinken ƙarfe mai lanƙwasasshen baki na taɓa rami. Ɗaki mai duhu ya fi.

Ta 1 da ta 3 tas suke, toka-toka mai sheƙi. Ta 2 tana da ɗan jan ƙura sama-sama, irin wanda yatsa ke gogewa. Ta 6 da ta 7 akwai farin gari a haƙoran wuya. Wannan cin da ke faruwa ne in tagullar robine ta zauna a kan alminiyam da laima a tsakani, kuma shi ke sa robine ya kafe in aka shekara ba a kwance ba. An goge da burushin nailan.

Ta 4 tun kafin a sa fitila hanci ya ba da labari, warin tsohuwar rijiya. Da aka kifa ta a kan farin ƙyalle, ruwa ya fito ja kamar na kanwa, kusan rabin ƙaramin kofin shayi, da ɓarɓashin tsatsa baƙi-baƙi. A ciki, tsatsar ba a gindi ta taru ba. Layi ta yi tun daga kafaɗa har ƙasa, faɗin yatsu biyu, miƙe kamar an ja da zare. Ma'ana a kwance ta daɗe, ruwan ya bi tsawon cikinta. Wannan ya fi muni, don bangon gefe shi ne mafi siranta, gindi ya fi kauri, kuma tukunya in za ta tsage a tsawonta take tsagewa. An rataye ta, an ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: ta 1 ta yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, ta 4 ta ce ƙwas ta yi shiru. Gwajin guduma na ƙarfe ne kawai, alminiyam ba ya amsawa haka.

Dalilin da ɗan ruwa kaɗan ke yin wannan ɓarna shi ne matsi. Tsatsa tana buƙatar ruwa da iskar oksijin. A tukunyar da aka cika bar 200, oksijin da ke cikin kowace lita ya ninka na waje sau 200, ga kuma ɗumi. Abin da zai ɗauki shekaru a jikin ƙofa sai ya faru cikin watanni. Gwaje-gwajen da aka yi a jami'ar Rhode Island ta Amurka a shekarun 1970 sun nuna haka: tukunyar ƙarfe mai ruwa a ciki, cike da iska, a kwance, a wuri mai ɗumi, ita ce ta fi saurin lalacewa. Akwai kuma haɗari na biyu da ba a gani. Tsatsa cin oksijin take yi. Tukunya kan nuna matsi a agogon awo alhali iskar cikinta ta rasa abin da ke riƙe rai, mai nutso ya suma a ƙasan ruwa ba tare da ya ji alamar komai ba.

2 ga Nuwamba

Ruwan daga ina ya shiga? Hanya uku ce aka sani. Ko an zuƙe tukunya ƙaf a cikin ruwa har ya samu hanyar komawa ta na'urar shaƙa. Ko an haɗa tiyon cikawa a kan jiƙaƙƙen bakin robine, iskar ta tura ɗigon ciki. Ko kuma daga kwamfuresa, wato injin cika iska. Ganin jan ƙura a ta 2 da farin gari a na alminiyam ya sa aka zargi na uku, aka buɗe matatar injin.

Zargin ya tabbata. Ƙwayoyin da ke tsotse laima sun jiƙe sun dunƙule, gawayin ciki yana warin mai. A littafin awanni matatar ba ta cika wa'adinta ba, to amma wa'adin da ke takarda an lissafa shi ne a kan digiri 20. Iskar da ta ƙoshi da laima a digiri 20 tana ɗauke da ruwa gram 17 a kowace kubik mita (lita 1,000), a digiri 40 kuwa gram 51. Ninki uku. Matatar da ke aiki da rana tsaka a garin nan kashi ɗaya cikin uku na kwanakinta take yi. Wannan kuskuren lissafi ne na wurin nan, ba laifin inji ba.

Abin da aka tsayar: cikawa da sassafe kawai; zubar da ruwan da injin ke tarawa kowane minti 10 zuwa 15; rubuta zafin rana kusa da awannin aiki; buɗe robine daƙiƙa ɗaya ya fesar da ɗigon bakinsa kafin a haɗa tiyo. Injin yana ba da lita 100 a minti, tukunyar lita 12 a bar 200 tana cin lita 2,400, wato minti 24. A kowace tukunya ke nan sai an zubar da ruwa sau biyu. Ma'aunin Turai na iskar shaƙa, EN 12021, bai yarda ruwa ya wuce miligram 50 a kubik mita ba a tukunyar da ba ta haura bar 200 ba, 35 in ta haura. An yi odar sababbin matatai biyu.

9 ga Nuwamba

Wanke ta 4. An zuba tsakuwar tangaran ta goge ƙarfe har kusan rabin ciki, da ruwa da ɗan sabulu, an toshe wuya da marfin roba, an ɗora ta a kan bututu biyu masu juyawa da ƙaramin inji ke ja a hankali. Awa shida. An juye, an ɗauraye sau huɗu har ruwan ya fito fari.

Nan aka yi kuskure. An kifa ta a rana da tunanin iskar hunturu za ta busar da ita. Waje ya bushe nan take, ciki kuwa iska ba ta zagayawa ta wuya mai faɗin yatsu biyu. Bayan awa ɗaya da aka leƙa, duk bangon da aka goge ya yi ja kamar an barbaɗa garin barkono. Ƙarfen da aka kankare sabo ba ya jira, cikin mintuna yake kamawa.

Maƙerin da ke maƙwabtaka da mu, dattijo, ya leƙo ya ce, "Ku ba ni ita in hura mata wuta minti biyu, ta bushe ƙarau." Aka ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan ba ta shan wuta." Ƙarfinta daga gashin da aka yi mata a masana'anta yake, harshen wuta yana warware shi, kuma ido ba ya ganin bambanci. Alminiyam ya fi rauni a nan: wanda zafi ya kai wa wajen digiri 175 an gama da shi, shi ya sa ba a yi masa fentin da ake gasawa. Walda kuwa ko a takalmi ba a yi.

16 ga Nuwamba

An sake juyin, awa biyu. Wannan karon ɗauraya ta ƙarshe da tacaccen ruwa mai zafi aka yi, yadda hannu ba zai jure ba, don ƙarfen ya ɗauki ɗumi. Aka kifa ta, aka zura siririn tiyo har ƙarshen ciki, aka saki busasshiyar iska da ta bi ta sabuwar matata, minti 20. Iskar mai faci ba ta shiga wannan aiki, da mai take fitowa. Ciki ya fito fes.

Amma da tsatsar ta tafi sai ramukan suka bayyana, a jere a kan layin nan, tsinke yana maƙalewa a huɗu daga ciki. Rami ɗaya tilo da ramuka a jere ba hukuncinsu ɗaya ba, na jere sun fi haɗari ko da ba su kai zurfi ba. Ba a nan za a yanke mata hukunci ba. An rubuta mata "KADA A CIKA" da jan fenti, sai ta je gwajin matsi da ruwa, inda ake cika ta da ruwa a matsa har bar 300 a auna yadda ta buɗe da yadda ta koma. Da ruwa ake yi don ruwa ba ya matsuwa, in ta fashe ba ta tashi da ɗaki. Ta 5 za ta bi ta, tunda sai an duba ko haƙoran wuyanta sun ci rauni.

Kan wa'adin gwaji, ƙasashe sun bambanta. A Amurka shekara 5 ne, da leƙen ciki kowace shekara. A Faransa shekara 2, ko 6 ga ƙungiyoyin da ke da mai leƙe mai takarda yana dubawa duk shekara. A nan an ɗauki leƙe duk kaka, gwaji kuma kada ya wuce shekara 5.

23 ga Nuwamba

Ta 8. Tambarin farko a kafaɗarta 1986 ne, kuma da gaurayen alminiyam mai lamba 6351 aka yi ta, wanda masana'antarta ta daina amfani da shi a 1988 ta koma 6061. Aibin 6351 shi ne tsaga da ke tasowa a wuya sannu a hankali in tukunya ta daɗe ɗauke da matsi. Daidai abin da ajiya take. Madubi bai nuna komai ba, amma irin wannan tsagar na'urar lantarki ta musamman ke kamawa tun tana ƙarama, mu kuwa ba mu da ita. Tukunya mai shekara 38 ba ta cancanci kuɗin tafiyar ba.

An lalata haƙoran wuya da kurfi, an huda jiki wuri biyu, don kada wani ya tsince ta a kasuwa ya mayar da ita aiki. An kai wa masu zubin tukwane. Tukunya za ta koma tukunya, wannan karon ta tuwo.

7 ga Disamba

Mayar da robine a kan biyar da suka rage: 1, 2, 3, 6, 7.

Kowane an warware shi, an jiƙa sassan tagulla a ruwan tsami na binega rabi da rabi minti 10, an ɗauraye, an busar. In aka bar su fiye da haka farin rufin yana ci. An canza duk zoben roba, wanda makanikai ke ce wa juwan: na wuya lamba 214, na baki 014 ga robinen da ake ɗaure wa maƙala, duk masu tauri 90. Juwan na famfo da ake samu a kasuwa ya yi laushi, matsi yana tura shi ya fito ta gefe. Ɗan bututun ƙasa an tabbatar yana nan daram, shi ke hana datti shiga robine in mai nutso ya yi kai ƙasa.

Maiko: silikon kaɗan a haƙora, yadda za su yi sheƙi kawai. Giris na mota da baƙin mai haram ne a nan, mai da iska mai matsi wuta suke haifarwa. Tukunyar da za a sa wa iska mai ƙarin oksijin ko silikon ba ta ɗauka, nata maikon daban ne, amma mu iska zalla muke cikawa. Robine yana shiga da yatsu har ya zauna, in ya tsaya a hanya a fitar a duba. Sannan kile mai awon ƙarfin ɗauri: 110 Nm ga na ƙarfe masu M25x2, wajen 70 ga na alminiyam kamar yadda takardar masu su ta ce. Juwan ke toshe iska, ba ƙarfin dantse ba.

Sai batun da aka fi ja-in-ja a kai: a ajiye su cike ko wofi? Wofi dai babu. Tukunyar da ba matsi tana numfashi, rana ta fitar, dare ta ja, ƙura da laima su shiga. Masu son a cika sun ce in an kira gaggawa a rani, rijiya ko madatsar ruwa, a samu a shirye. Hujja ce mai kyau, amma cika ɗaya minti 24 ne, kuma cikakkiyar tukunya ita ce tsatsa ta fi ci, ita ce kuma ta fi ɓarna in ta faɗi. An tsaya a bar 30. Oksijin da ke ciki ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin bakwai na cikakkiya, matsin kuma ya isa ya hana komai shiga.

Ga na alminiyam akwai ƙarin dalili. Robinensu yana da ɗan faifan tsaro da ke fashewa ya saki iska in matsi ya yi yawa. In gobara ta tashi, cikakkiya takan fasa faifan da wuri. Mai bar 30 ba ta da ƙarfin kirki. Mai rabi ita ce matsala: matsinta ba ya kai wa faifan, zafi kuma ya riga ya tausasa jikinta, sai ita ta fashe. Ko cike, ko kusa da wofi, ban da tsakiya. Robinen Turai galibi ba su da faifan ma sam.

An cika da ƙarfe bakwai na safe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka tiyon shan iska an ɗaga shi mita biyu a wannan ɓangaren, hayaƙin injin yana tafiya kudu maso yamma. Hayaƙi in ya shiga tukunya guba ne marar wari.

14 ga Disamba

Wurin zama. Shagon mai rufin kwano an bar shi, an koma ɗakin ƙasa da ke cikin gida, mai kaurin bango. An fitar da bidon na fetur, da tsohon batir, da buhun takin zamani da aka tarar a lungu. Taki da ruwan batir suna cin ƙarfe ko daga nesa.

A tsaye suke, don in da ɗigon da ya rage ya taru a gindi inda kauri yake, inda kuma fitila za ta gan shi. Ba a kan siminti kai tsaye ba: katako a kan bulo biyu, da shimfiɗar tsohuwar taya a sama. Katakon bai taɓa bango ba saboda gara. Sarƙa ta zagaye su a kashi biyu cikin uku na tsayinsu, an ɗaure a ƙarfen da aka kafa a bango, da tsumma inda take gogar fenti. Ko a bar 30, tukunyar da ta faɗi robine ya karye tana iya karya ƙafar mutum.

Bakin robine an rufe da marfin roba. Abin da takardun waje ba su sani ba shi ne zanzaro: duk ramin da ya kai kaurin fensir gida ne a wurinsa, ya cika shi da laka ya tafi. Marfin ƙarfe mai toshewa ruf an ƙi shi, don in robine yana yoyo matsi zai taru a bayansa, mai kwancewa ya sha mamaki. Salatif ma an ƙi, danƙonsa yana narkewa a bazara.

4 ga Janairu, 2025

Awon farko ya ba da tsoro a banza. Da asuba agogo ya nuna duk sun sauka kusan bar 2. Sanyi ne. Matsi yana bin zafi: a bar 30, kowane digiri 10 yana motsa shi wajen bar 1. Da azahar sun koma. Daga yanzu awo ƙarfe goma na safe ne, da agogo ɗaya, ana rubuta zafin ɗakin a gefe. Kowane haɗa agogo ma yana cin iska kaɗan, don haka sau ɗaya a wata ya isa.

Ta 7 ce kaɗai ba ta koma ba, tana 22. An shafa ruwan sabulu a baki, a gindin abin murɗawa, a faifan tsaro, a wuya. Minti biyu shiru, sannan ƙananan kumfa suka fara fitowa a jere a gefe ɗaya na wuya, kamar ƙwan kifi. An sauke iskar, an kwance. Farin garin nan ya rage a cikin kwarin da juwan ke zama, ya hana shi kwanciya. An goge kwarin da tsinken katako da ƙyalle, ba da ƙarfe ba, don ƙarzane ɗaya a nan yoyo ne na har abada. Sabon juwan, bar 30.

Wani ya ƙara matse abin murɗawar ta 3 da dukkan ƙarfinsa "don kada ta yi yoyo". Abin da ke toshe iska a cikin robine nailan ne, matsewa tana huda shi. Yatsu uku sun isa rufe robine.

25 ga Janairu

1, 2, 3, 6 da 7 duk suna tsakanin 29 da 30. Ƙura ta kwanta a kafaɗunsu har ana rubutu da yatsa, an share da busasshen tsumma, ba a sa ruwa ba.

Na'urorin shaƙa an wanke su tun Oktoba, marfin ƙura a rufe. Yau an duba tiyo, an lanƙwasa kusa da inda aka matse ƙarfe, biyu sun nuna tsattsagewa, an ware su. Sauran an naɗe su da faɗi a akwatin ƙarfe saboda ɓera, nesa da janareta. Bushewar hunturu da zafi su ne ke kashe roba a garin nan, ba yawan aiki ba.

22 ga Fabrairu

Sanyi ya karye. An rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi girman lamba a ɗakin ƙasa, wani kuma a tsohon shagon don kwatanci. Wannan satin ɗakin bai wuce 31 ba, shagon ya taɓa 41, tun Afrilu bai zo ba. Lissafin da ya sa aka guji ajiye su cike a can: tukunyar da aka cika 232 da safiya mai digiri 15, in ɗaki ya kai 50, za ta nuna wajen 260. Wannan bai kai matsin gwaji ba, lafiyayyiya ba za ta fashe don shi ba. Amma ta wuce matsin aikinta kullum rana har wata biyu, juwan yana dahuwa, faifan tsaro yana gajiya, duk tsatsar da ke ciki tana ƙara sauri. Bayan mota a rufe da rana ya fi haka.

An toshe tagar yamma da zana ninki biyu, an bar ƙaramar ta sama don iska.

Ta 4 da ta 5 sun tafi gwaji ranar Litinin, ba robine, wuya a toshe, kowace da takardar abin da aka gani a cikinta. Robine mai G3/4 na ta 5 ba a saya ba tukuna, sai sakamako ya fito.

Abin da ke jira kafin ruwan farko: a zubar da iskar ajiya duka, a sake leƙa 1, 2 da 3, a cika sabuwa da sabuwar matata, a shinshina, a fesa a farin ƙyalle a ga ko da mai ko ja, a auna oksijin ya nuna kashi 21. Na'urar awon oksijin ɗin kanta ƙwayarta ta tsufa, a iskar waje 19 take nunawa kuma ta ƙi saituwa. An sa ta a jerin saye tare da tiyo biyu. Awo na gaba 22 ga Maris, cikin azumi, ƙarfe goma na safe.